Shekarar da Alhaji Modi Ya Faɗa Rariyar Mata

Bana damina ta yi jinkiri. Tun da aka shiga watan shuka, maigidana yakan fita tsakar gida bayan la'asar, ya kare ido da hannu ya dubi gabas, ya dawo ya ce, "Ba komi." Jiya da ya faɗi haka ina zaune ina tankaɗe, sai dariya ta kufce mini. Ya tambaye ni abin dariya a cikin rashin ruwa. Na ce masa Alhaji Modi na tuna, Allah ya jiƙansa. Bai ƙara tambaya ba, shi ma ya murmusa.

Shekarar da nake nufi ta fi bana wuya, domin azumi ya faɗo daidai bakin damina. Yanzu azumi ya zagayo lokacin da gari ke da sauƙi, har yara na kai shi suna guje-guje. A wancan lokacin kuwa, kafin azahar harshenka ya zama kamar busasshiyar fata.

Ni ce mai kula da kwamfuta a ofishin haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma ta yankinmu, wadda ta tara mutanen Wurno da Rabah da Goronyo. Ɗakuna biyu ne a Wurno, da sola a kan rufi, da fanka ɗaya. Wasu masu tallafa wa noman rani ne suka buɗe mana imel da sunan ƙungiya, suka koya mini saita shi, suka tafi. Kowane shugaba da adireshinsa, kuma an kasa mutane rukuni-rukuni: shugabanni, manoma, masunta, da mata masu sana'a. Sai wani mai son ci gaba ya buga duk adiresoshin a kalandar ƙungiya, ya kuma ɗora su a intanet don duniya ta san da mu. Duniya kuwa ta sani.

Shugabanmu Alhaji Modi, mutumin Giyawa ne, babban manomin gero da albasa, dogo, mai sanyin murya. Yana karanta ajami tsaf, amma boko bai shiga ba, don haka ni ke karanta masa saƙonni in fassara. Ya ce a sa sunansa a kowane rukuni, har na mata, domin shi uban ƙungiya ne.

Ruwan farko ya sauka kafin azumi, mai yawa, ƙasa ta yi laushi har gwiwar hannu. Kowa ya ɗauki sungumi. Mutane suka zuba irin da suka ɓoye tun kaka, wasu har da wanda suka ranto. Gero ya tsiro kore shar, ya kai tsawon ɗan yatsa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Hadari yakan taso da yamma, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya su jera robobi, sai iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da yashi a ido. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi fari, ya zama kamar zare. A haka aka ga wata.

A gidanmu rumbu ya yi ƙasa, sai an zura rabin jiki a ciro damin gero. Kunun shan ruwa ya riƙa tsinkewa, har maigidana ya ce yana ganin fuskarsa a ciki. Da asuba ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, sai ruwan randa wadda nake lulluɓewa da jiƙaƙƙen buhu. Da hantsi in jiƙa zane in rufa wa surukata, kafin in gama sa takalmi ya bushe. Ina fita zuwa ofis, awaki na kwance a gindin katanga suna haki, ko kallona ba sa yi.

Saboda fankar nan ɗaya, dattawan ƙungiya suka mayar da ofis wurin hira. Bayan azahar za su shimfiɗa tabarmi su kishingiɗa, Alhaji ya ce, "Ɗiyata Safiya, buɗe mu ji mi anka aiko."

Abin da aka aiko kuwa ba ya ƙarewa. Alhaji ya ci gasar da bai shiga ba. An zaɓe shi cikin manyan mutanen duniya. Wani banki da ba shi da ajiya a ciki ya rufe masa ajiyarsa. Amma waɗanda suka fi taɓa shi su ne zawarawa. Kusan kullum sai wata mata ta rubuto daga wata ƙasa, mijinta ya rasu ya bar dukiya, ita kuma tana kwance a asibiti, tana neman mutumin kirki.

"Allah sarki," in ji Alhaji. "Wagga ma mijinta ya rasu? Wace irin annoba ta shiga mazan ƙasag ga?"

Na ce, "Baba, ƙarya ce. 'Yan damfara ne."

"To ko ƙarya ta, ki yi mata ta'aziyya. Ba a rasa lada."

Dattawa su yi ta dariya a hankali, irin dariyar mai azumi da ba ya son ɓata yawu. Ni ma abin yana ɗauke mini ƙishirwa. Sai ranar da na dawo daga sallah na tarar Alhaji ya ciro littafin bankin ƙungiya, yana cewa in aika wa wata bazawara lambar, ba don dukiyarta ba, don ta samu inda za ta ajiye kafin dangin miji su cinye. Ranar ban yi dariya ba. Na zaunar da su duka na yi musu karatu. Na ce duk saƙon da ya ce kyauta, ya ce gaggawa, ya ce aiko da lambarka, to ɓarawo ne ke sallama. Na maimaita har suka riƙa amsawa kamar 'yan makaranta.

Abin da ya ƙarasa maganar shi ne zuwan Hajiya Kulu, shugabar rukunin mata. Gajeriya ce, mai kuli-kuli da man gyaɗa a Rabah, kuma taubashiyar Alhaji ce, don haka tana faɗa masa abin da ba wanda ya isa ya faɗa. Ta zo a duba mata ko an amsa maganar injin markaɗe. Ina buɗe akwatin mata, sai ga wani talla da hoto. Na yi sauri na rufe.

"Mi ne na?" in ji ta.

"Ba komi, Inna."

"Na ga mutum ba riga. Hwaɗa min."

Na raɗa mata a kunne cewa maganin maza ake talla. Ta gyara mayafi, ta juya wajen tabarmi.

"Modi, cikin watan azumi, wagga ƙazanta kaka tara muna? Mata sunka ba ka amana, kai kana nan kana ta'aziyyar matan da ba su wanzu ba."

Labarin littafin banki ya riga ya kai Rabah, ashe. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

A ranar na zauna saita matatar saƙo. Akwai ta tun farko, amma a buɗe take sosai, kusan komai na wucewa. Na yi musu bayani cewa kamar rariya ce, ana iya sa mata manyan ido ko ƙanana, kuma kowane rukuni yana iya samun tasa. Shugabanni na sa musu mai sassauci, domin baƙi na rubuto musu, masu sayen albasa da ma'aikatan gona, kada a tare mutumin kirki. Abin da na'ura ta yi shakka a kai ya tafi kwandon shara na akwatinsu, suna iya dubawa. Manoma da masunta na sa musu matsakaiciya. Sai na tambayi Hajiya Kulu irin wadda take so.

"Wadda ko iska ba ta wucewa."

Na ƙure tasu. Duk saƙon da ya yi kama da talla ko damfara ba zai ma kai akwati ba, za a tsare shi a wani ɗakin killacewa da ni kaɗai ke buɗewa, in ya daɗe ba a sake shi ba ya goge. Na kuma shigar da adiresoshin mutanenmu a jerin amintattu, domin na lura na'urar ba ta jin Hausa. Ɗan damfara ya rubuto Turanci mai santsi ta bar shi, Sarkin Ruwa ya sa an rubuto daga Goronyo cewa kifi ya yi ƙaranci, ta cafke shi.

Saura abu ɗaya. Ƙa'idojin matatar a jere suke, daga sama zuwa ƙasa, kuma wanda yake cikin rukuni biyu, ta saman kaɗai ke aiki a kansa. Hajiya Kulu ta ce tasu ta hau sama, ba ta yarda wata ta danne ta ba. Na juya na ce, "Baba, kana cikin rukunin mata. In tasu ta hau sama, ita za ta kama ka. Bari in cire sunanka daga nan."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ki cire ni daga ina? Ni uban ƙungiya na. Ko'ina sunana ya zauna."

"Saƙonka zai ragu ƙwarai."

"Ya ragu. Ai Kulu ta ce ƙazanta ta."

Washegari akwatin Alhaji fayau. Jibi ma haka. Babu gasa, babu banki, babu bazawara ko ɗaya. Dattawa suka zo suka kishingiɗa, ya ce in buɗe, na buɗe, ba komi. Fanka na juyawa tana kaɗa iska mai zafi. Can wani ya ce, "Alhaji, duniya ta manta da kai." Abin ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna. Amma tun faɗan Hajiya Kulu ya zama wani mutum. Ko tallan kati aka turo masa a waya, sai ya ce, "Ɓarawo na." Har mai sayar da ƙanƙara da ya ce zai ƙara masa gyara, sai da ya kalle shi sama da ƙasa.

A gonaki kuwa magana ta ƙare. An fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Kowa ya san ko ruwa ya dawo sai an sake shuka, kuma iri babu. Wanda ke kasuwa na ci ne, ba a san asalinsa ba, ga lokaci ya tafi, sai gero mai saurin nuna zai kai. Tun tsiron na mutuwa muka rubuta wa wata ƙungiyar agaji muna neman irin, da adireshin shugaba. Su kuwa ba sa kiran mutum a waya, amsarsu a rubuce take zuwa.

Kowace safiya nakan leƙa ɗakin killacewa. Sai sabis ya ɗauke mana na wasu kwanaki, aka ce zafi ya lalata wani abu a jikin ƙarfen sabis. Ranar da ya dawo na buɗe, na tarar an cika shi da zawarawan Alhaji. A tsakiyarsu ga wani saƙo da manyan baƙaƙe: kyautar iri, gaggawa, aiko da suna da lambar waya, a zo a karɓa a sito a Goronyo kafin gobe da yamma. Na kusa wuce shi. Sai na dubi adireshin mai aikowa, na ga shi ne dai wanda muka rubuta wa, harafi da harafi, kuma takardarmu ta roƙo na manne a ƙasa.

Na miƙe na ce, "Baba, iri ya samu."

Na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga yatsa.

"Sun ce kyauta?"

"Sun ce."

"Sun ce gaggawa?"

"Baba, wannan daban ne."

"Sun ce aiko da lamba?"

Dattawa suka amsa a tare, "Ɓarawo na."

Na nuna masa adireshin, na nuna masa takardarmu. Ya ce ɓarayin yanzu sun yi karatu. Na kira lambar da ke cikin saƙon a gabansu, wani mutum ya ɗauka ya ce lalle iri na nan, ana ta kwasa. Alhaji ya ce ai ɓarawo ma shina da murya. Ya ce shi dai an gama yi masa dariya a Rabah, ba za a ƙara a Goronyo ba, ba zai hau kabu-kabu da azumi ya je ya tsaya gaban sito babu kowa ba. Ina tsaye ina kallon karatuna yana aiki a kaina, ba yadda zan yi.

Na kira Hajiya Kulu. Ta tambaye ni a ina aka sami saƙon, na ce a matatar mata, saboda sunan Alhaji na ciki.

"To tunda rariyarmu ta kama shi, namu na. Amsa musu da sunana. Gobe ki jira ni."

Da sassafe ta iso da hatimin rukunin mata ƙulle a bakin zane. Muka hau kabu-kabu zuwa Marnona, daga nan muka sami mota. Ban taɓa jin rana irin ta wannan yini ba. Kwalta na walƙiya kamar an zuba mai, shanu a gefen hanya ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, gonaki kuwa fili ne ja, sai ramukan shuka a jere ba komi a ciki. Can a hanya Hajiya Kulu ta juyo gare ni. Ta ce, "In ƙarya ta, ba mu zo ba. Kin ji ko?"

Ba ƙarya ba ce. Sito na nan, layi na nan, mutanen wasu ƙungiyoyi na ta lodi. Ma'aikacin ya ce da ba mu amsa jiya ba, da ya ba wasu rabonmu. Ya tambayi ina shugaba. Hajiya Kulu ta ce, "Shina gida shina gadin ɓarayi," ta buga hatimi. Aka fito mana da buhunan gero da na wake, irin an shafa masa jan magani. Na sa hannu a ciki don in tabbatar, yatsuna suka yi ja.

Muka ɗauki a-kori-kura, muka hau bayanta kan buhuna. Ba mu yi nisa ba iska ta canza. Ta zo da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri. Gabas ta yi baƙi. Na ce a raina irin na kullum ne, yanzu zai watse. Sai ɗigo ya faɗo mini a hannu, babba, mai nauyi.

"Iri zai jiƙe," in ji Hajiya Kulu.

Direba ya tsaya ya ciro tamfol, rabinsa huji ne. Muka shimfiɗa, muka ƙara da sallayar direba da ledar da ke ƙasan mota, sannan muka kwanta a kai rub da ciki, ni a gefe ɗaya ita a ɗaya, muna danne bakin da hannu da ƙafa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yana dukan bayana, yana gangarowa ta fuskata, ga ni da ƙishirwar yini guda.

"Rufe bakinki, Safiya. Rana ba ta hwaɗi ba."

Haka muka tafi, mota na tangaɗi, mata biyu kwance kan gero baki a rufe gam, mutanen ƙauyuka sun fito cikin ruwa suna kallonmu. Da muka kusa wani gari muka ji kiran magariba. Hajiya Kulu ta juya rigingine ta ce, "Yanzu buɗe." Da ruwan sama na sha ruwa ranar. Har yau ban sha abin da ya kai shi daɗi ba.

Mun tarar da Alhaji da dattawa a barandar ofis, ruwa ya tsare su. Ya sauko ya taɓa buhu, ya kwance bakin, ya ɗebi irin ya duba a tafin hannu. Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, ke kinka ce kyauta ƙarya ta."

"Na ce mafi yawa, Baba."

"Ba ki hwaɗi mafi yawan da ƙarhi ba."

Washegari mata suka yi rabo. Maza suka yi layi da buhuna da kwanoni, daga Rabah, daga Giyawa, daga ko'ina, Hajiya Kulu na zaune a kujerar shugaba. Da layi ya zo kan Alhaji, ta dube shi kamar ba ta san shi ba. Ta ce kyauta ce, kuma ana gaggawa, ya faɗi sunansa da lambarsa. Ya faɗa. Daga nan kowa ya wuce gona. Maza na sara, mata da yara na zuba iri suna takewa, da azumi a baki, ƙasa na manne a dunduniya. Geron bai yi tsawon namu na gado ba, zangarniyarsa gajera ce, amma ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, kuma ba gidan da ya kwana da yunwa a cikin waɗanda na sani.

Ni kuma na koma kan kwamfuta. Na sa ƙungiyar agajin a jerin amintattu. Sunan Alhaji na bar shi a rukunin mata kamar yadda yake so, amma na rubuta a ƙa'idarsu cewa ban da shi, don ta shugabanni ta yi aiki a kansa. Zawarawa suka dawo, sai dai a kwandon shara. Yakan sa in karanta masa ɗaya in azumi ya yi nauyi, ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye ta.

Kafin sallah ya ce dole a yi wa ma'aikacin nan godiya, kuma shi zai faɗa ni in rubuta da Turanci, kada in rage komi. Ya fara da "masoyina abin ƙauna, ba ka san ni ba." Ya ce shi babban mutum ne a ƙasarsu. Ya ce ya ware masa kyautar rago, ya aiko da adireshin gidansa da lambar waya cikin gaggawa, kuma ya riƙe abin a sirri kada abokan aikinsa su yi hassada. Na ce, "Baba, wannan ba zai isa ba." Ya ce in aika.

Amsa ba ta zo ba. Ragon ya zauna a turke a gidan Alhaji yana cin harawa, yana ƙiba. Sai bayan kaka na haɗu da ma'aikacin a wani taro a Sakkwato, na tambaye shi. Ya duba wayarsa, ya duba kwandon shara, ya ce tasu matatar ba ta ma bar saƙon ya kai can ba. Da na faɗa wa Alhaji, sai ya tambaye ni ko wannan na nufin na'urar ta ɗauke shi ɗan damfara. Na ce haka ne.

"To ta yi aikinta," in ji shi. "Ni ma da an aiko min shi, ban yarda."

Ragon kuwa tuni an yi layya da shi, cinya ɗaya ta tafi Rabah.